"Ba Ruwana" Ba Ta Taɓa Kare Kowa Ba



Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Mutum zai ga baƙo ya kama ɗaki a unguwa, ba ya fita sai dare, ko ya ga ana loda jarkokin fetur da buhunan abinci a babura ana nufar daji, sai ya ce "ba ruwana". Wanda kuma ya daure ya kai rahoto, sai a sa masa suna munafuki. To wane ne munafukin? Wanda ya yi magana don a tsira, ko wanda ya gani ya rufe baki?

Mun manta ne? A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, har ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Cikin Nuwamba ta shigo Maiha. Iyayenmu sun kwana a duwatsu, wasu sun tsallaka Kamaru da ƙafa. Da aka zo ƙwato garuruwan nan, maharba da 'yan banga ne suka taimaki sojoji, saboda su ne suka san daji da hanyoyinsa. Ranar 21 ga Nuwamban 2017 kuma ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a masallaci a Unguwar Shuwa, Mubi, ana sallar asuba, mutum aƙalla 50 suka rasu. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake kai hari masallaci da kasuwa. Masu irin wannan aiki suna bin hanya, suna cin abinci, suna kwana a wani wuri. Da ɗan gari kan ci gari.

Masu shiru suna cewa tsoro suke ji, kada sunansu ya fita. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma a nan muke kira ga 'yan sanda da sojoji da DSS: duk jami'in da ya fallasa wanda ya kawo masa labari, ya rufe bakin unguwa guda. Ku riƙe amana, kuma kada ku mai da mai rahoto abin tuhuma.

Amma tsoro bai toshe dukkan ƙofofi ba. In ba za ka iya zuwa caji ofis ba, akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai shugaban 'yan banga, akwai lambar gaggawa 112. Faɗi abin da idonka ya gani, da wurin, da lokacin. Kada ka ƙulla wa maƙwabci sharri saboda rikicin gona, kada kuma ka watsa jita-jita a WhatsApp.

Daga Belel zuwa Sorau da Pakka, muna bakin iyaka ne, kuma jami'an tsaro ba za su iya tsare kowace ɓarauniyar hanya ba. Mu ne idonsu. Allah Ya zaunar mana da Maiha lafiya.