Yawon Shaƙatawa A Jirgin Ruwa: Kuɗin Tikiti Somin-Taɓi Ne

Dattawan da suka yi karatu a Ingila tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, har gobe suna tuna jirgin ruwan nan mai suna Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya fara aiki cikin 1951. Yakan ɗauki fasinja daga Apapa ta Ikko, ya biya ta Saliyo, ya kai su Liverpool cikin kusan mako biyu. Cikin 1974 aka janye shi daga wannan hanya, aka sayar da shi ga wani attajirin Girka, ya koma masaukin ma'aikata a bakin tekun Jidda. A wancan zamani mutum yakan shiga jirgin ruwa ne domin yana da inda za shi. Manyan jiragen fasinja na yau kuwa, galibinsu ba su kai kowa ko'ina. Su tashi daga tasha, su zagaya tsibirai da garuruwan bakin teku kwana bakwai, su komo su sauke mutane a daidai inda suka ɗauke su. Zaman cikin jirgin shi ne abin da ake saye, kuma tun da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata na ƙasar nan sun soma sha'awar irin wannan hutu, ya kamata a san yadda cinikin yake tafiya.

Girman abin ya wuce yadda mai karatu zai zata. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a ƙasar Finlan, ya kuma fara tashi daga Miami ta Amurka cikin Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari guda ke nan a kan ruwa, kuma garin da ba shi da kasuwa sai ta mai jirgi. A nan asirin yake. Babban kamfanin Carnival ya samu kuɗi kimanin dala biliyan 21.6 cikin 2023, kuma wajen sulusin wannan ba daga tikiti ya fito ba, daga abin da fasinja suka kashe ne bayan sun shiga jirgi: abin sha, caca, intanet, hotuna, gidajen abinci na musamman, da yawon da ake kai su in an tsaya a tasha. Saboda haka ana iya karya farashin tikiti ba da jin zafi ba, don an san inda za a fanshe. Ba a kuma riƙon tsabar kuɗi a cikin jirgi. Katin da ke buɗe ƙofar ɗaki shi ne ake miƙawa a kowane kanti, bashin yana taruwa shiru, sai daren ƙarshe takardar lissafi ta fito, a ga mutum ya yi tsuru-tsuru.

Akwai ma kuɗin da ke hawa kan mutum ko da bai sayi komai ba, watau tukuicin ma'aikata da ake yankawa kowace rana. Daga Nuwamban 2024 Royal Caribbean ya sa shi dala 18.50 a kan kowane fasinja, dala 21 ga mazauna ɗakunan alfarma. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu a tafiyar kwana bakwai, dala 518 ke nan kafin su kurɓi ko lemo. Ba kuɗin da za a yi ƙyashinsa ba ne, domin ma'aikatan nan, yawancinsu mutanen Filifin da Indiya da Indunusiya, watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba. Abin nufi dai a sa shi cikin lissafi tun daga gida.

Ɗakunan jirgi iri huɗu ne. Akwai na ciki wanda ba shi da taga, da mai taga wadda ba ta buɗuwa, da mai baranda, sa'an nan ɗakin alfarma mai falo. Duk abinci ɗaya na babban zauren cin abinci ya halatta musu, duk kuma tasha ɗaya za su sauka. Wanda ke tsoron jiri da tashin zuciya, ba tsadar ɗaki za ta cece shi ba, sai matsayinsa: tsakiyar jirgi a benayen ƙasa shi ne inda tangaɗi ya fi sauƙi, alhali ɗakunan alfarma da yawa suna can sama ko a goshin jirgi ko a ƙeyarsa, inda igiyar ruwa ta fi jijjiga mutum. Haka nan kafin a biya, a duba taswirar jirgin a ga abin da ke saman ɗakin da ƙarƙashinsa, don kada a kwana ƙarƙashin dandalin rawa.

Kamfanonin sun dawo da tsohon tsarin faskila ta bayan gida. MSC yana da sashen da ya kira Yacht Club, Norwegian yana da The Haven, Cunard kuma bai taɓa barin nasa ba, mazauna manyan ɗakunansa suna cin abinci a Queens Grill da Princess Grill. A irin wannan sashe akwai ƙofa mai kulle wadda sauran fasinja ba su ƙetarewa, da wurin wanka da zauren abinci na daban, da hadimi mai kula da ɗaki, kuma ba a bin layi wajen shiga jirgi ko fita. A jirgin da ya ɗauko mutum dubu biyar ko shida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga tsoho wanda tsayuwa ke wahalarwa, da iyalin da ke son sutura da sarari, har da wurin shimfiɗa darduma ba tare da ture kujera ba, kuɗin yana iya biyan kansa. Amma wanda zai fita yawon gari tun safe ya dawo da almuru, barci kaɗai zai yi a ɗakin, ya biya kuɗin falon da bai zauna ba. Kuma a lura, a sashe irin Yacht Club an riga an cusa kuɗin giya cikin farashin ɗakin, ko mutum ya sha ko bai sha ba.

To, wannan ya kawo zancen abin sha, inda aka fi yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Ruwan sha da shayi da kofi na yau da kullum, da wani ɗan lemon da ake zubawa a zauren abinci, duk suna cikin kuɗin tikiti a manyan kamfanonin Amurka. Lemon kwalba da ruwan gora da kofi na musamman da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, da giya, su ne na saye. Sai kamfani ya ce, maimakon a riƙa biya kofi-kofi, a biya a dunƙule, a sha iyakar sha. Da jin wannan sai mutum ya ga garaɓasa, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa.

Babban dunƙulen, wanda aka fi tallarsa, an yanka farashinsa ne a kan mashayin giya, kuma sharuɗɗansa suna da ƙarfi. Ba a sayensa na kwana ɗaya ko biyu, sai na dukan tafiyar, har da ranakun da jirgi ke tsaye a tasha fasinja suna can cikin gari. A Carnival da Royal Caribbean, in baligi ɗaya a ɗaki ya saya, tilas sauran baligan ɗakin su saya, wai don kada a riƙa miƙa wa juna kofi. Carnival ya kuma ƙayyade kofi 15 na giya a yini. Bayan haka ana ɗora kuɗin hidima, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, wanda sau da yawa ba ya cikin lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe. A ɗauka, alal misali, an ce dala 80 a yini. Mutum biyu, kwana bakwai, dala 1,120 ke nan, a ɗora kashi 18, ya haura dala 1,320. A wasu tafiye-tafiye wannan ya kai kuɗin ɗakin ciki sukutum. Akasarin masu karanta wannan shafi ba mashaya ba ne, kuma babu yadda mai shan lemo da kofi zai sha na wannan kuɗi, ko da cikinsa randa ce. Abin da ya dace da shi shi ne ƙaramin dunƙule marar giya, wanda kusan kowane kamfani yake da shi amma ba ya ɗaga murya a kansa, ko kuwa ya biya kofi-kofi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ya ƙirga kofi nawa yake sha a yini a gidansa, ya ninka da farashin jirgi, ya gwada da kuɗin dunƙulen. Wanda shayin safe da na dare suka ishe shi, ba ya bukatar ko ɗaya.

Inda wayon ya fi zurfi shi ne tikitin da aka haɗa komai a ciki, aka ce ga intanet, ga tukuicin ma'aikata, ga abin sha, duk a farashi ɗaya, kamar yadda kamfanin Princess yake yi. Ga mashayi ciniki ne mai kyau. Wanda ba ya sha kuwa, lalle ne ya ware kuɗin intanet da na tukuici ya tara su daban, ya ga ko abin da ya rage ba kuɗin giyar maƙwabcinsa yake tallafawa ba. Wani kamfanin ma yakan ce abin sha kyauta ne, sa'an nan ya karɓi kuɗin hidimar wannan kyauta tun kafin a shiga jirgi. Ana iya cewa ba a so, a cire.

Saudiyya ta hango wannan giɓi. Cikin Disamban 2024 kamfaninta mai suna Aroya ya fara tashi daga Jidda zuwa tashoshin Bahar Maliya, da jirgin da a da ake kira World Dream, aka buɗe shi ba giya, ba gidan caca, ga abincin halal da wuraren salla. A sauran jirage kuwa, mai son naman halal sai ya nema tun lokacin sayen tikiti, in ba haka ba ya yi mako guda a kan kifi da ganye. Alƙibla ma tana juyawa da juyawar jirgi, sai a dage da dubawa.

Saura ladan tsohon abokin ciniki. Kowane kamfani yana da ƙungiyar da yake sa fasinjansa a ciki kyauta, yana ba su maki. A Royal Caribbean sunanta Crown and Anchor Society, maki ɗaya a kowane dare, biyu ga mai ɗakin alfarma. Matakan farko ba su da wani abin a zo a gani, ɗan rangwame ne nan da can. Sai an kai maki 80, matakin Diamond, ake fara ganin abu mai tsoka, watau kofi huɗu na abin sha kyauta kowace rana, wanda ana iya karɓar marar giya. Amma maki 80 tafiya goma sha biyu ce ta mako-mako a ƙaramin ɗaki, ko shida a ɗakin alfarma. Matakin ƙoli, Pinnacle, maki 700 ne, watau tafiya ɗari, kusan shekara biyu a kan ruwa. An tsara abin ne domin tsofaffin Amurkawa masu fansho da ke zaune kusa da tashar Miami, waɗanda mota kawai za su shiga su isa jirgi. Wanda sai ya nemi biza ya hau jirgin sama daga Kano ko Abuja, in ya yi irin wannan tafiya sau uku a rayuwarsa ya yi ƙoƙari. Shiga ƙungiyar ba laifi, tun da ba a biya, amma sayen ɗaki mai tsada don neman maki, ko ƙin jirgi mai araha don riƙe amanar kamfani ɗaya, asara ce tsantsa.

Kuma alkawarin ba na dindindin ba ne. Cikin Yunin 2025 Carnival ya ba da sanarwar zai rushe tsohon tsarinsa mai ƙirga kwanakin da mutum ya yi a jirgi, ya kawo sabo mai ƙirga kuɗin da ya kashe, matsayin kuma sai an riƙa sabunta shi. Mutanen da suka yi shekaru suna tara kwanaki suka yi ca a kan kamfanin, har ya sassauta wa waɗanda suka riga suka kai matakin ƙoli. Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ta MSC, wanda yakan karɓi shaidar matsayin da mutum yake da shi a wani babban otal ko wani kamfanin jiragen ruwa, ya ba shi kwatankwacinsa a ƙungiyarsa ta Voyagers Club tun bai taka jirginsu ba. Ɗan kasuwar da ya saba sauka a otal ɗaya yana iya cin wannan moriya, muddin ya nema kafin ya sayi tikiti.

Duk wannan lissafi sai an shiga jirgin tukuna, kuma mai fasfon Nijeriya a nan ya fi tuntuɓe. Kamfanin jirgi ba ya nema wa kowa biza, kuma yana duba takardun kowace ƙasa da za a tsaya tun a bakin ƙofa, ko da mutum ya rantse ba zai sauka a can ba. Wanda takardarsa ba ta cika ba a tasha ake barinsa, kuma galibi ba a mayar da kuɗi. Zagayen Bahar Rum da zai fita daga ƙasashen Shengen ya sake komowa yana bukatar bizar shiga sau da yawa, ba ta sau ɗaya ba. Mai son gwaji kafin ya zuba dukiya, MSC yana da gajerun tafiye-tafiye na kwana uku ko huɗu daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kuma can ma sai an tambayi sharaɗin shiga ƙasashen biyu kafin a biya ko sisi.