Kaska ta wuce matsalar dabbobi kawai

A wajenmu kaska abar raini ce. Makiyayi ya cire ta daga jikin saniya, ya murje ta da yatsa, ya goge jinin a riga. Ga abin da kimiyya ta gano, wannan sakaci ya isa haka.

Zazzaɓin Kirimiya-Kwango, mai sa zubar jini, kaska ce ke yaɗa shi. An fara ganinsa a Kirimiya a 1944, aka samu ƙwayar a Kwango a 1956, sai a 1969 aka tabbatar cuta ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Saniyar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar ciwo, amma jininta kan harbi mahauci a mayanka.

Kuma ba wannan cuta kaɗai kaska ke yaɗawa ba. An gano ƙwayar Alkhurma a Saudiyya a 1995, ta SFTS a Sin a 2009. Nan gida ma, a 1964 aka samu ƙwayar Dugbe a jikin kaskar shanu a Ibadan.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda waɗannan ƙwayoyi ke sauya kama. Kundin gadon ƙwayar Kirimiya-Kwango kashi uku ne. Idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, suna iya musayar kashi, sabon iri ya fito. Shi ya sa na'urar gwajin da aka tsara bisa irin Turkiyya kan iya kuskure irin Afirka ta Yamma. Ga shi kuma alamun farko sun yi kama da na maleriya ko Lassa.

Shanu da raƙuma na tsallako iyaka kowane mako zuwa kasuwannin Maigatari da Illela, da kaskarsu a jiki. Don haka muna kira ga hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da cibiyar binciken dabbobi ta Vom su riƙa ɗibar kaska a kasuwannin kara, su karanta gadon ƙwayoyin da muke da su a gida. Gwamnatocin jihohi su wadata makiyaya da maganin feshi, mahauta da safar hannu, musamman gab da layya.

Mai karatu, in ka cire kaska, kada ka murje ta da hannu. Jefa ta wuta.