Keken motsa jiki da iyafis: kada a gyara zuciya a ɓata kunne

Daga Barnawa zuwa Narayi, daga Sabon Tasha zuwa Television, keken motsa jiki ya fara zama ɗan gida. Wasu sun ajiye nasu a baranda ko a kusurwar falo, wasu kuwa suna biyan kuɗin wata a gidajen motsa jiki da ke buɗewa a waɗannan unguwanni. Da yawansu likita ne ya tura su, saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙiba. Wannan ci gaba ne abin a yaba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, kuma keken da ba ya barin ɗaki ya raba mutum da ƙurar hunturu da ganganci na masu ababen hawa.

Sai dai tuƙa keke a wuri ɗaya yana da gundura, shi ya sa kusan kowa yake toshe kunne da iyafis ko hedfon, ya saki kiɗa ko karatu ko labarai. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ina ganin yawancinmu da ma'aunin da bai dace ba muke zaɓen wannan na'ura. Mai saye a kasuwar Kakuri ko ta Sabo yakan tambayi wadda ta fi ƙara, mai sayarwa kuma ya ƙure masa murya don ya burge shi. Tambayar da ta kamata ita ce: wacce zan ji da kyau ba tare da na ƙara murya ba, kuma wacce za ta bar kunnena a bushe? Wanda bai yi wannan tambaya ba, garin neman gira zai iya rasa ido.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai dubban ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, waɗanda ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, in ta daɗe kuma ta kashe su. Wanda ya mutu a cikinsu ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa. Duk cikin magungunan da ke jere a kantocinmu, babu ƙwaya ko allura ko maganin ɗigawa da zai dawo da su. Mutanen Kakuri da Makera ba baƙin wannan magana ba ne, domin unguwanni ne da suka girma da rugugin injinan saƙa tun 1957, kuma a duk duniya an san ƙarar masaƙa tana cin kunnen ma'aikaci sannu a hankali. Bambancin kawai shi ne, iyayenmu neman abinci ne ya kai su cikin ƙarar, mu kuwa da kuɗinmu muke sayenta mu cusa a kunne.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ƙa'ida ga na'urorin sauraro: babba zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3, lokacin da aka yarje zai ragu da rabi. Ke nan a desibel 89 awa 5 ce, a 92 awa biyu da rabi, a 95 awa ɗaya da kwata, a 101 kuwa bai cika minti 20 ba a mako guda. Wayoyin da ke hannunmu, idan aka ƙure su, suna iya haura desibel 100.

Mu ɗauki mai hawan jini da ke tuƙa keke minti 45 a rana, kwana biyar a mako. Jimilla awa uku da minti 45 ke nan. Idan yana sauraro a desibel 80, bai ko cinye kashi ɗaya cikin goma na rabonsa ba. Idan ya kai 92, ya wuce iyaka tun kafin ya kammala rana ta huɗu. Idan ya kai 95, ya ninka iyakar sau uku, kuma ba a lissafa ƙarar janareta da ta titi da ta wurin biki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

Me ke sa mai keke ƙara murya? Hayaniyar da ke kewaye da shi ce: kukan keken kansa, fanka, numfashinsa, janaretan maƙwabci idan an ɗauke wuta, da lasifikar gidan motsa jiki. Duk sa'ad da hayaniya ta ƙaru, yatsa zai kai ga maɓallin ƙara ba tare da mutum ya lura ba. A kan wannan ya kamata a gina zaɓi.

Wanda ke tuƙi a wuri mai hayaniya, abin da ya dace da shi shi ne iyafis mai bakin roba mai laushi da ke zama daidai a ramin kunne, ko kuma mai fasahar kashe hayaniyar waje. Idan waje ya yi shiru, ƙaramar murya ta wadatar. Na san za a ce masu kashe hayaniya suna da tsada, kuma gaskiya ne. Amma ko iyafis mai araha yakan zo da robobi girma uku a cikin kwali, kuma zaɓen wanda ya dace da kunnenka yana rage hayaniya sosai ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Wanda ke tuƙi a gida cikin natsuwa, musamman uwa da ke son jin motsin yaro ko tukunya a kan wuta, na'urar da ba ta toshe kunne ta fi masa. Akwai wadda ke zama a gaban kunne tana aika sauti ta ƙashin fuska. Tana barin iska ta shiga kunne, amma kada a ruɗe: sautinta ma yana isa ga waɗancan ƙwayoyin masu gashi, don haka idan an ƙure ta za ta yi ɓarna. Ba ta kuma dace da wuri mai hayaniya ba, domin za ta tilasta ƙara murya. Babban hedfon mai soso da ke rufe kunne gaba ɗaya kuwa, a zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna, sosonsa yana shan gumi ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. In ɗakin naka ne kai kaɗai, ƙaramar lasifika a kan tebur ta fi su duka.

Batun gumi ba ƙarami ba ne. Ramin kunne mai ɗumi da laima wuri ne da ƙwayoyin bakteriya da fangas ke so, musamman da damina. Alamun su ne ƙaiƙayi, zafi idan an ja kunne, da fitar ruwa. A duba kwali a ga alamar IPX4 ko sama da haka, wadda ke nuna na'urar tana jure fantsamar ruwa da gumi. Bayan kowane tuƙi a cire robobin a goge su da ɗan sifirit, a bar su su bushe kafin a mayar. Kada a yi aron iyafis, ko tsakanin miji da mata. A kuma daina soka tsinken auduga, domin yana tura dauɗar kunne ciki ne, yana kuma yi wa fata rauni. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar kiyayewa, saboda ciwon ramin kunne a wurinsa yana iya yin tsanani har ya taɓa ƙashi.

Akwai kuma abin da ya shafi fannina kai tsaye. Wasu magunguna suna iya taɓa ji: alluran gentamicin da streptomycin da amikacin, kwinin na zazzaɓin cizon sauro, asfirin idan an sha da yawa, furosemide mai sa fitsari da ake ba masu ciwon zuciya da kumburi, musamman idan an ba da shi da yawa ta jijiya, da cisplatin na ciwon daji. Kunnen da irin waɗannan alluran suka raunana ya fi saurin lalacewa idan ƙara ta haɗu da shi. Wannan ba dalili ba ne na daina maganin da likita ya rubuta. Dalili ne na rage murya, da gaya wa likita ko mai harhaɗa magani da zarar an fara jin ƙara a kunne. Haka nan kada a sayi maganin ɗigawa a kemis ba tare da an leƙa kunnen ba, domin wasu suna ɗauke da gentamicin ko neomycin, waɗanda ke iya yin illa idan dodon kunne ya huje.

Masu gidajen motsa jiki su ma suna da alhaki. Wani bincike da aka yi a azuzuwan tuƙa keke a birnin Boston na Amurka ya gano cewa kiɗan yakan haura desibel 100 na tsawon lokaci a aji guda. Hujjar masu horarwa ita ce kiɗa yana ƙara kuzari. Ban musa ba, amma kuzarin daga saurin bugun kiɗan yake zuwa, ba sai ya girgiza tagogi ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai, tazarar hannu guda, ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa. Mai biyan kuɗin wata yana da haƙƙin ya nemi a rage, ko ya janye kekensa nesa da lasifika. Mafi muni shi ne a sa iyafis a ƙure shi don a danne kiɗan gidan.

A aikace, kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Wayoyin iPhone da Samsung suna da wurin ƙayyade iyakar ƙara a cikin saitinsu, a sa shi tun kafin a hau keke, domin da gajiya ta zo niyya takan yi rauni. A yi wa yara nasu ma. Mai ciwon zuciya kada ya kulle kansa a ɗaki da kunne a toshe, kuma idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya sauka nan take.

Idan bayan tuƙi kunne yana ƙara kamar kukan gyare, ko maganar mutane tana zuwa kamar daga cikin rijiya, gargaɗi ne, a rage murya, in kuma abin ya wuce kwana ɗaya ko biyu a je a auna ji. Idan kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, a je asibiti a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Mu mazauna Kaduna ba mu da uzuri, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana nan a tsallaken gada, wurin da mutane ke tasowa daga wasu jihohi don zuwa. A ci gaba da tuƙa keke, zuciya tana bukatarsa. Amma ranar da za a sayi iyafis, a ce wa mai shago ya rage murya zuwa rabi. Wanda aka ji shi tangaram a haka, shi ne na saye.