Kayan Sautu Ta Waya: A San Hanyar Mayarwa Kafin A Biya

A wannan fitowa ina so in taɓo wani abu da yake cin dukiyar makiyaya a hankali ba a lura ba, wato sayen kaya daga Omdurman ta wayar hannu. Mutum yana ruga, a nuna masa hoto a WhatsApp, ya tura kuɗi, a ɗoro masa kaya a mota. In ya kwance ya tarar ba abin da ya nema ba ne, sai ya rasa yadda zai yi ya mayar.

Da daminar da ta wuce wani dattijo daga cikinmu, mai kiwo a kudancin Damazin, ya sayar da raguna biyu ya yi sautun farantin sola da batir, don cajin waya da fitilar dare. Ɗansa ne ya tura kuɗin gaba ɗaya ta Bankak. Da kaya suka iso, faranti lafiya lau, amma batir ƙarami ne, bai kai wanda aka nuna a hoto ba, kuma kafin isha'i ya mutu. Aka kira mai shago, ya ce a aiko ya gani. To, a aiko ta hannun wa? Wa zai biya mota? In ya ɓace a hanya, asarar wa? Babu ko ɗaya da aka yi maganarsa kafin ciniki. Batirin nan ya yi sati biyar a ƙarƙashin gado kafin maganar ta zo gare ni a Omdurman, kuma sai da na taka shagon sau uku.

Wannan shi ne cinikin biri a sama. Amma ba zan ce a daina ba, domin wanda yake bin dabba ba zai bar garke ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 saboda batir ko tamfol ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, gaskiya ne, sai dai kuɗin motar zuwa da dawowa ya kan fi kuɗin kayan. Abin da nake cewa shi ne a shirya hanyar mayarwa tun kuɗi yana hannu.

Wasu yaranmu 'yan boko sun ce a kai gidan waya. Gidan waya tsohon abu ne a Sudan, tun zamanin Turkawa yake, amma aikinsa yana son adireshi da akwati, makiyayi kuwa yau yana nan, gobe ya yi gaba. Su kuma kamfanonin aika saƙo masu ofis da kwamfuta, awo suke yi su caje ka bisa nauyi, kuma ba su san hanyar ruga ba. Wannan na mutanen birni ne masu aika takarda.

A ganina hanya mafi araha, kuma mafi aminci, ita ce motar da ta kawo kayan. Direban da ya ɗauko daga hannun mai shago ya san shagon, ya ga yadda aka ɗaure, kuma dole zai koma. Kwali ɗaya a ƙarƙashin kujera ko bisa buhunan gawayi ba ya hana shi komai, kuɗin da zai karɓa kaɗan ne. Don haka kada a bari kaya su kwana a ɗaure. A kwance a tasha, a gaban direba ko yaron mota, a ɗauki hoto, in da matsala a kira mai shago nan take direba yana ji. A rubuta lambar motar da lambar wayar direban, kuma a ba shi kayan a gaban ɗan kamashon tasha, domin shi kullum yana wurin. Kada a ba fasinjan da ba a sani ba don ya ce zai kai kyauta.

Sai maganar rasit, wanda a nan ake ce wa fatura. Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, mutum zai aika kaya daga Mina al-Barri zuwa Madani ko Sinnar ko Gadarif ba wanda zai tambaye shi takarda. Yaƙi ya canza wannan. An wawashe gidaje da shaguna a Khartum da Omdurman, Kasuwar Libya da muke sayayya a cikinta ta faɗa hannun Da'amus Sari, sai a watan Maris 2025 soja suka karɓe ta. Kayan sata sun bazu ko'ina. Saboda haka farantin sola ko injin ban ruwa da ya fito daga kwali, ba takarda, yana iya tsayawa a shingen bincike, a bar direba da amsa tambayoyi. Na ga direbobin da suka ƙi ɗaukar irin wannan kaya ko nawa za a ba su, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda zai yi sautu ya ce a sa rasit a cikin kwali, a kuma turo masa hotonsa, mai ɗauke da sunan shago da irin kayan.

Abin da ya fi duka shi ne kuɗi. Kuɗin da aka tura ta Bankak ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai in wanda ya karɓa ya ga dama. To, me ya sa za a tura duka? A ba da rabi, a cika bayan an gani. Mai shagon da yake da gaskiya ba zai ƙi ba in akwai wanda ya tsaya maka a kasuwa. Kuma a faɗa da baki a saƙon murya, a ajiye saƙon: in kaya ba su zo yadda aka siffanta ba, kuɗin motar mayarwa a wuyan mai shago, in kuwa ni ne na canza ra'ayi, a wuyana. Wannan ba sabon abu ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffa, in ya saɓa siffar kana da zaɓin fasawa. Mu makiyaya ma mun san hukuncin tunkiyar da aka bar nono ya taru a hantsarta don a ruɗi mai saye: yana da kwana 3, in ya so ya mayar ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino. A ƙasashen Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya mayar ko ba dalili, amma ko can yawanci shi yake biyan kuɗin aikawa.

Wani abu kuma, kada a ja lokaci. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 take, a 2025 ta haura fam 2,000. Da mai shagon nan ya yarda zai mayar wa dattijonmu kuɗinsa, sai na lissafa na ga ba za su ƙara sayen batirin da yake so ba. Na ce a'a, a musanya masa da babba ya cika ɗan abin da ya rage. Haka aka yi.

Maganin dabbobi kuwa, irin su na tsutsa da allurar ciwon huhu, da wuya a karɓe shi in an fasa kwalba. A sa mai shago ya ɗauki hoton ranar lalacewarsa kafin ya ɗaure. Allurar rigakafi mai son sanyi ma kada a yi sautunta a mota sam, rana ta kashe ta kafin ta iso.

Shawarar da zan kai gaban taron shugabanni ita ce ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya amintacce a Omdurman, a ba shi littafi. Duk kayan da za a mayar daga Mai Wurno da Sinja da Damazin a tara su a hannun sakataren reshe, a ɗora a mota ɗaya ranar kasuwa, shi ya karɓa ya kai shago-shago, ya sa a sa hannu. Kowa ya ba da ɗan abin shayi da kuɗin raksha. Kafin a zauna taron, duk wanda yake da kaya ajiye ya kai wa sakataren reshensa tare da rasit da sunan direban da ya kawo.