Kumbo A Sama, Kunne A Ƙasa

Duk lokacin da aka harba kumbo, 'yan sama jannati ne ake bugawa a jarida, su ake yi wa tafi. Ba safai ake tunawa da mutanen da ke zaune a ƙasa gaban na'urori suna sauraron kumbon dare da rana ba. Alhali kuwa kumbon da ba a jin muryarsa, ba ya kuma jin umarni, bai fi guntun ƙarfe mai yawo a sarari ba. Ra'ayinmu shi ne, 'yan'uwanmu masu karatun injiniya su daina raina wannan aiki na tashar ƙasa, hukuma kuma ta daina ɗaukarsa abin da za a waiwaya bayan an gama sayen tauraro.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Sa'ad da Amurka ta shirya tura mutum ya kewaya duniya, sai da ta kafa jerin tashoshi a sassan duniya, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kusan awa biyar, tashoshin nan suna miƙa wa juna shi kamar yadda masu ɗiban ruwa ke miƙa bokiti a wurin gobara. Kowace tasha 'yan mintoci kaɗai take samu kafin ya ɓace mata. A watan Agusta 1963 kuma, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ta tauraron Syncom 2, wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a gaɓar Ikko shi ne ya zama tashar ƙasa a wannan ɓangare. A 1971 aka buɗe tashar Lanlate, daga baya aka yi ta Kujama kusa da Kaduna.

Shin mene ne aikin sabon injiniya a irin wannan wuri? Tauraron da ke shawagi kusa da duniya yakan kewaya ta cikin awa ɗaya da rabi ko fiye kaɗan, tasha kuwa ba ta ganinsa fiye da kamar minti goma. Kafin ya ɓullo, dole faifan eriya ya riga ya fuskanci daidai inda zai fito, agogo ya daidaita, an kuma jera umarnin da za a aika. Saboda gudun tauraron, zangon muryarsa yakan sauya, kamar yadda hon ɗin babbar mota ke yin siriri in ta doso mu, ya yi kauri in ta wuce. Dole na'urar karɓa ta riƙa bin wannan sauyi. Ruwan sama yana raunana saƙo, ƙurar hunturu tana shiga ƙafafun da ke juya faifai, wutar lantarki kuwa in ta ɗauke a tsakiyar mintocin nan, sai a jira wani zagaye. Sabon shiga shi ke kwanan aiki, shi ke gwada wayoyi, shi ke rubuta duk abin da ya faru a littafin tasha.

Mun san abin da wasunmu za su ce: wannan ai aikin gadi ne, wanda ya sha wahalar digiri ya fi ƙarfinsa. To, ga labarin da ya isa amsa. Ranar 14 ga Nuwamba 1969 tsawa ta faɗa wa Apollo 12 bai cika minti ɗaya da tashi ba, lambobin da yake aikowa ƙasa suka rikice, aka fara tunanin katse tafiyar. Wani injiniya ɗan shekara 26, John Aaron, ya gane rikicewar, domin kimanin shekara guda kafin nan ya taɓa ganin irinta a wani gwaji, bai kuwa kyale ta ba sai da ya bi diddiginta. Ya faɗi makunnin da za a murɗa, aka murɗa, lambobi suka dawo, kumbo ya isa wata. Watau abin da ya ceci tafiyar, saurayi ya koye shi ne a ranar da babu mai kallonsa. Irin wannan ilmi ba a samunsa a lacca.

Haka nan kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977. A ƙarshen 2023 ya fara aiko da saƙo marar ma'ana, yana nesa da mu fiye da kilomita biliyan 24, inda saƙo ke cin fiye da awa 22 kafin ya isa, amsa kuma ta ci wasu 22. Ƙarfin rediyonsa wajen wat 23 ne kawai. Da manyan faya-fayai masu faɗin mita 70, irin waɗanda ke Goldstone a Amurka, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera, ake tsinto wannan raɗa. Injiniyoyi suka gano wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarsa ne ya lalace, suka kwashe umarnin da ke ciki suka rarraba a wasu sassan, a watan Afrilu 2024 ya koma magana daidai. Ba wanda ya taɓa shi da hannu. Daga ƙasa aka yi gyaran.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da ke fama da ruwan sha da asibiti ba ta da ta cewa a sha'anin sararin sama. Maganar tana da nauyi, amma ta makara, gama mun riga mun shiga. An harba NigeriaSat-1 a 2003, an harba NigComSat-1 a 2007, wanda ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsalar samun wuta daga hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. An kashe dukiya mai yawa. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai riƙe linzamin abin da aka saya? Hoton ambaliya ko na gonaki da tauraro ya ɗauka ba ya amfanar manomi sai tasha ta sauko da shi, wani ya karanta shi. In kullum sai an kira baƙo ya zo ya ɗaure mana waya, to, mu tuna kayan aro ba ya rufe katara.

Mu dubi abin da wasu suka yi da gadonsu. Tashar Hartebeesthoek da Amurka ta gina a Afirka ta Kudu a 1961, da Amurkawa suka tashi a tsakiyar shekarun 1970, sai 'yan ƙasar suka mai da ita wurin nazarin taurari. A Kuntunse kusa da Akara, an gyara tsohon faifan sadarwa mai mita 32, aka buɗe shi a 2017 don irin wannan nazari, matasan Gana na koyon aiki a kansa. Tashar Kano kuwa an rufe ta tun cikin shekarun 1960, yau ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin labarinta?

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu su kafa ƙananan tashoshi a sassan injiniya. Eriya da rediyo da kwamfuta sun isa ɗalibi ya kamo hoton gajimare daga tauraron yanayi da hannunsa. Muna kira ga hukumar sararin sama, wadda aka kafa a 1999, ta buɗe ƙofar tashoshinta ga masu koyon aiki da masu bautar ƙasa, a damƙa musu aiki na gaske a ƙarƙashin ƙwararru. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da ke tsara kasafi kuma, kada ku yanke kuɗin horo da na kayan gyara don a ce an yi tsimi. A biya mai kwanan aiki haƙƙinsa, kada ya koyi sana'a ya tafi da ita ƙetare.

Mu kuma da ke shirin fita, in aka tura mu tasha a bayan gari, mu karɓa da hannu biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kunnen injiniya ma tun yana saurayi yake koyon saurare.