FILIN WASANNI: Christian Okoye, Ƙaton Da Nijeriya Ta Yar, Amurka Ta Tsinta

Masu sha'awar dambe da kokawa a Kontagora da sauran garuruwan Arewa ba za su sha wuyar fahimtar ƙwallon Amurka ba, domin wasa ne na ƙarfi da kayarwa. Ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, filin yadi 100 ne, kuma sau huɗu ake ba ƙungiya dama ta ci yadi goma. Akwai ɗan wasa guda wanda aikinsa shi ne ya rungumi ƙwallo ya ruga, ya keta ƙattin da suka tare hanya. A wannan aiki ne wani ɗan Nijeriya ya yi suna.

An haifi Christian Okoye a Inugu a 1961. Ya tafi Jami'ar Azusa Pacific ta jihar Kalifoniya a 1982, inda ɗan tseren nan Innocent Egbunike ya riga shi zuwa. Jifan faifai ne gwanintarsa, kuma babu abin da ya sa a gaba sai ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984. Da aka fitar da sunayen 'yan tawaga, babu nasa. Takaicin haka ne ya sa ya juya ga ƙwallon Amurka yana da shekara 23, alhali abokan karawarsa tun suna yara suke yi.

Nauyinsa ya haura kilo 110, amma yakan cinye yadi 40 cikin kimanin daƙiƙa huɗu da rabi. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. A kakar 1989 aka ba shi ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya zama zakaran masu gudu da ƙwallo na ƙasar baki ɗaya. Mai bi masa, Barry Sanders na Detroit, yadi goma kacal ya rage masa. Amurkawa suka yi wa Okoye laƙabin da ke nufin mugun mafarki daga Nijeriya, saboda sau da yawa sai mutum biyu ko uku sun taru kafin su kai shi ƙasa.

Sai dai wannan sana'a mai cin jiki ce. Ciwon gwiwa ya matsa masa, kakar 1992 ta zama ta ƙarshe. Cikin shekara shida ya tara yadi 4,897, ya kai ƙwallo gidan abokan gaba da gudu sau 40. A shekarar 2000 ƙungiyarsa ta sa shi cikin jerin gwarzayenta.

Abin lura shi ne, ƙarfin Okoye a gida aka haife shi da shi. Abin da ya samu a waje shi ne mai horarwa, da fili, da wanda ya kula. Samari irinsa suna nan a gonakin Kontagora da fagagen dambenta, ba wanda ya taɓa auna gudunsu ko jifansu. Ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Neja da makarantun da ke Kontagora su riƙa shirya gasar guje-guje da jefe-jefe kowace shekara, a rubuta sakamako, a zaɓi wakilai bisa cancanta. Allah ya sa masu iko su ji, su gyara.