Ɗaukar hoto da talho: hoton da malamin gona zai gane

A da, hoto sai birni. Mai son hoto ya tafi Maraɗi ko Damagaram, ya zauna gaban mai kamara, ya koma wata rana ya karɓa in an wanke. Fim guda hoto 24 yake ɗauka ko 36, in ya ƙare ya ƙare. Yau talho mai kamara ya shigo ƙauye, ya shigo ruga. In babu a gidan mutum, akwai a gidan maƙwabci. Amma samun kamara daban, iya ɗauka daban.

Ga abin da ke faruwa da damana. Manomi ya ga tsutsa na cin masararsa. Ya tsaya bakin gona, rana na dukan fuskarsa, ya latsa sau ɗaya, ya aika wa malamin gona ta WhatsApp. Malami ya buɗe, bai ga komi ba sai kore da duhu. Ya ce a sake. Kafin a sake kwanaki sun wuce. Ko kuma manomi ya gaji da jira, ya tafi kasuwa ya sayo maganin da ba na wannan tsutsa ba. Kuɗi sun tafi, tsutsa na nan. Laifin ba na talho ba ne.

Aikin farko shi ne goge idon kamara, wannan ɗan gilashi da ke bayan talho. Yana kwana aljihu tare da goro da ƙura, yatsa mai maiƙo na taɓa shi. A hure ƙurar da baki tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi. In aka goge da yashi a kai, gilashin zai karce, kuma karcewa ba ta da magani.

Sai rana. Mai ɗauka ya ba rana baya, ko ya bar ta a gefensa. In tana bayan abin da ake ɗauka, abin zai fito baƙi. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana. In dole ne da tsaka, mutum ya tare rana da jikinsa ko da malfa, ganyen duka ya shiga inuwa. Rabi rana rabi inuwa na rikita kamara.

A riƙe talho da hannu biyu, a manna gwiwar hannu ga haƙarƙari, a tsaida numfashi, a latsa a hankali. Samari na son jawo abu kusa da yatsu biyu bisa gilashi. A ƙananan talho wannan ba ya ƙara komi, hoton ne yake kumbura ya dushe. Ƙafa ta fi yatsa: a matsa kusa. Amma kar a wuce taƙi guda, don in an manne wa abu kamara ba ta ganinsa sosai. A taɓa tsutsar da yatsa bisa gilashin talho, a jira ta fito tangaram, sannan a ɗauka.

Hoto guda ba ya isar malamin gona. Uku yake so. Na fari gonar daga nesa, ya ga ko ɓarnar ta game ko gefe guda ce. Na biyu shuka ɗaya daga ƙasa har sama, da inda aka ci. Na uku ƙwaron kansa. A ciro shi a aza bisa tsumma maras zane ko bayan ƙwarya, a ajiye tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa. A juya ganye a ɗauki bayansa, nan ƙwai da ƙananan ƙwari suke ɓoyewa.

Wannan wahala tana da dalili. Akwai tsutsar masara da aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016, asalinta daga nahiyar Amurka. Tana shigewa tsakiyar shuka, ta bar kashi kamar dusa. Ana gane babbarta da alama biyu: zane a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗigo baƙi 4 kusa da wutsiya, biyu sama biyu ƙasa. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san Y. To, in hoto bai nuna kai da wutsiya ba, malami sai dai ya yi cinke. Murzunar hatsi kuma aikinta ake ɗauka, wato hanyar da ta murɗa kewaye da zangarniya.

Makiyayi ma yana da rabo. Ya ɗauki bisashensa tun suna da lafiya, tun suna hannu. Ya tsaya ta gefen saniya, ta fito duka daga ƙaho har kofato, sannan ya matsa ya ɗauki tambari da yankan kunne. Ranar da ta ɓace, hoton zai riga shi isa kasuwannin dabbobi. In ciwo ne, a ɗauki baki, ido, kofato ko inda ya kumbura, da rana. Fitilar talho ba ta kai nesa, da dare ƴan taki kaɗan take haskawa.

Talho ba ya son zafi. Kar a bar shi bisa kunya cikin rana, batir na lalacewa. A daidaita agogonsa, don yana riƙe ranar da aka ɗauki kowane hoto. Wannan na da amfani in dabbobi sun yi ɓarna aka je gaban maigari, ko da yake hoto shaida ne kawai, ba shi ke yanke magana ba.

Masara ba ta ƙin hoto, amma mutane sai da izni, balle matan aure da ƴaƴan wasu. Wurin sojoji da jandarma kuwa, talho ya zauna aljihu.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai yi bayanin cajin talho da hasken rana.